Musanyar batir ko shan mai: wanne zai fisshe mu a Kano?

Baban Ummi (Kurna): Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san abu ya faɗa. Adaidaita sahu uku gare ni a kan titi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ban ƙara jin daɗin balas ba, su ma yaran da ke tuƙawa ba su ji ba. Yaro ya fita tun asuba ya dawo bayan isha, kaso mai tsoka na abin da ya tara ya baro shi a gidan mai. In na matsa masa na zalunce shi, in na ƙyale ko kuɗin gyara ba zan haɗa ba. Yanzu ɗaya a cikin ukun ta tsufa, ina so in sayar in sauya. Sai ɗana ya nuna min wani bidiyo a waya: motar lantarki ta shiga wata rumfa, inji ya zare batirinta ta ƙasa ya sa mata wani cikakke, ta fice. Ya ce har babura da adaidaita ana yi musu haka. To wannan musanyar batir ɗin ta kai shan mai sauƙi? Kuma za ta yiwu a Kano, ko abin kallo ne kawai a waya?

Ɗan Sahu (Kabuga): Wa alaikumus salam Baba. Ni da nake kan titi kullum, lokaci shi ne jarina. Ƙarfe 7 zuwa 9 na safe in ka rasa 'yan makaranta da 'yan kasuwa, ranar ta tafi. Duk abin da zai sa in ajiye mashin awa huɗu ko biyar yana caji da rana tsaka, ba nawa ba ne. Amma in musanyar ta 'yan mintuna ce, ina saurare.

Ɗan Kwari: Baban Ummi, gani ya kori ji. Ina zuwa ƙasar Sin saro kaya, kuma na shiga irin motar. Kamfanin sunansa Nio. Direba bai ko sauka ba, motar ce da kanta ta ja baya ta shige rumfar, muna zaune a ciki muka ji tana ɗan motsi, kamar minti 3 aka gama. Wallahi ban taɓa shan mai a gidan mai na Kano cikin wannan saurin ba, in ka haɗa da layi da jiran canji. Suna da irin rumfunan nan sama da 3,000 a faɗin ƙasar.

Alhajin Hotoro: Na ji ku. Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina jan tankar mai, ku bari in faɗi abin da kuke mantawa. Daɗin mai ba saurinsa ba ne kaɗai. Daɗinsa shi ne duk gidan man da ka shiga, daga Kano har Maiduguri, bakin famfonsa zai shiga tankinka. Toyota, Honda, Bajaj, janareta, injin markaɗe, duk abu ɗaya suke sha. In ya ƙare maka a daji, ka ɗauki galan ka tari babur ka je ka sayo. In gidajen mai sun rufe, ga 'yan bumburutu a bakin titi, da tsada dai amma za ka kai gida. Ɗan Kwari, ka faɗa min, waccan rumfar da ka shiga, in ka kawo mata motar wani kamfani daban za ta karɓa?

Ɗan Kwari: Gaskiya a'a, Alhaji. Motocin da aka ƙera don irin batirinsu kaɗai take karɓa.

Alhajin Hotoro: To a nan gizo ke saƙar.

Injiniya (Sharaɗa): Assalamu alaikum. Alhaji ya taɓo wurin da ya dace, amma ina ganin an haɗa abu biyu a tukunya ɗaya, gara a raba su. Mota daban, adaidaita daban.

Mu fara da mota. Batirin motar lantarki yakan kai kilo 400 zuwa 600, wato buhun shinkafa mai kilo 50 guda takwas zuwa goma sha biyu. Ba mai ɗaga shi da hannu, sai inji. Kuma rumfar ba za ta zauna wayam ba, dole ta ajiye batura da yawa suna caji suna jiran masu zuwa. Sababbin rumfunan Nio suna ɗaukar sama da 20. Batir kuwa shi ne abu mafi tsada a jikin motar. Kenan kafin mota ɗaya ta shigo, mai rumfa ya riga ya binne dukiya a wurin, sannan rumfa ɗaya ba ta da amfani sai an baza su ko'ina.

An gwada kuma an ƙone. Wani kamfani a Isra'ila mai suna Better Place, wanda Shai Agassi ya kafa a 2007, ya tara wajen dala miliyan 850 don wannan aikin. Sun gina rumfuna a Isra'ila da Danmak. Amma samfurin mota ɗaya tak suka samu da ke shiga rumfarsu, Renault Fluence, sauran masu ƙera motoci suka ƙi bin tsarinsu, masu saye kuma ba su zo da yawa ba. A watan Mayun 2013 kamfanin ya durƙushe. A shekarar dai Tesla, kamfanin motocin lantarki na Amurka, ta nuna wa duniya musanya cikin daƙiƙa 90, ta buɗe rumfa ɗaya a Kalifoniya ta gwaji, daga baya ta watsar ta koma kan caji mai sauri. Nio ta ɗore ne saboda tana cikin ƙasar da ke ƙera batir ɗin da kanta, ga masu saye birjik, ga hukuma na tallafawa.

Don haka in tambayar ita ce motar gida a Kano, ni ban ga musanyar batir nan kusa ba. Motocinmu yawanci na hannu ne, kowace da ƙasar da ta fito. Wa zai gina wa kowane iri rumfarsa?

Alhajin Hotoro: Madalla. Ashe bakinmu ɗaya.

Injiniya (Sharaɗa): A kan mota bakinmu ɗaya, Alhaji. Amma Baban Ummi ba mota ya tambaya ba. Batirin babur ko adaidaita na musanya ƙarami ne, wasu ba su wuce kilo 10 da ɗoriya ba, wasu mashinan kan ɗauki biyu ko uku. Da hannu ake zarewa. Rumfar ma ba rumfa ba ce, wata durowa ce mai ramuka kamar firij, za ta zauna a gaban shago. A Taiwan kamfanin Gogoro yana yin haka tun 2015, cikin daƙiƙoƙi mai babur ya sauya ya wuce. A Indiya, inda adaidaitarmu take fitowa, Piaggio ta fitar da mai ƙafa uku ta musanyar batir a ƙarshen 2019. A nan Afirka akwai Ampersand a Kigali, akwai Spiro da ta yi ƙarfi a Benin da Togo ta shigo Najeriya ta jihar Ogun. Ruwanda ma daga Janairun 2025 ta daina yi wa sababbin baburan haya masu shan mai rajista a Kigali.

Bambancinmu da su shi ne mu an hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni tun 2013, saboda haka a nan maganar ta adaidaita ce. Ta fi babur nauyi, tana ɗaukar mutum uku ko huɗu da kaya, za ta fi cin batir. Amma tana da abin da motar gida ba ta da shi: hanyoyinta sanannu ne. Bata, Kabuga, Kurna, 'Yankaba, Unguwa Uku, Ɗorayi, kullum nan take zagayawa.

Alhajin Hotoro: Injiniya, duk na ji. Wuta fa? Ka manta Oktoban 2024, da aka lalata layin da ke kawo wa Arewa wuta muka yi sama da mako guda a duhu? Da a ce duk adaidaitar Kano batir take amfani da shi a lokacin, da garin ya tsaya cak.

Maman Sadik (Rijiyar Zaki): Alhaji, da girmamawa, ai mai ma ya sha tsayar da garin. Na tuna lokutan da layi ke kai wa kwana, mu malaman makaranta mu tsaya a titi awa guda babu abin hawa. Ba wanda ya taɓa cewa a daina amfani da mai saboda haka.

Injiniya (Sharaɗa): Tambayar Alhaji ita ce ta fi kowace nauyi, kuma amsarta ce ta sa na karkata ga musanya. Ku duba yadda ranar ɗan sahu take. Da rana yana titi, da dare mashin na gida. In batirin a manne yake da mashin, ba shi da lokacin caji sai dare. Da dare babu rana, sola ba ta aiki, wutar unguwa kuma kowa ya san halinta. Ya wayi gari batir rabi, ranar ta lalace.

Da musanya kuwa, batir ɗaya na aiki a titi, ɗan'uwansa na cikin durowa yana shan hasken rana. Abin da Allah ya hore mana a Kano kenan, rana daga safe har yamma kusan duk shekara. Durowar ta zama rumbu: a cika ta lokacin da akwai, a ɗiba lokacin da ake buƙata. In wutar gwamnati ta zo a haɗa da ita, in ba ta zo ba sola ta riƙe. A Turai musanya maganin gaggawa ce kawai. A wurinmu maganin rashin tabbas ɗin wuta ce.

Amma ba zan ɓoye ba, sola mai cika ɗaruruwan batura a rana tana son fili da jari mai yawa, kuma lokacin hazon hunturu ƙarfinta na raguwa, sai an riƙa wanke faifan.

Baban Ummi (Kurna): Allah ya saka da alheri. To kuɗi fa? Ni a nan nake so a tsaya min.

Injiniya (Sharaɗa): Bari mu yi lissafi a fili, Baba. Litar fetur ɗaya na ɗauke da ƙarfin da ya kai wajen yunit 9 na wuta, irin yunit ɗin da kake saya a mita. Sai dai inji ba ya mayar da ko sulusinsa tafiya, saura zafi ne da hayaƙi, shi ya sa salansa ke ƙona ƙafa. Injin lantarki kuwa kusan kashi 90 cikin 100 yake mora. Saboda haka tafiyar da lita ɗaya ke yi maka, yunit 2 da rabi zuwa 3 za su yi ta. Masu layin Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, tun Afrilun 2024 suna biyan sama da naira 200 kaɗan kowane yunit. Ka ga yunit 3 bai kai naira 700 ba, alhali a ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000. Sannan babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu wankin kafireto.

Wannan kuɗin wutar ne zalla. Mai durowa zai ɗora kuɗin batirinsa da hayar wuri da ribarsa, don haka abin da za ka biya zai fi haka. Abin da nake tsoro kuma shi ne ya rasa wuta ya kunna janareta. Litar dizal ba ta ba da abin da ya wuce yunit 3 da 'yan kai. In da dizal ake cajin batirin, an gudu ba a tsira ba, mai ne dai kake sha ta bayan gida, har da ƙarin asara. Duk wanda ya zo maka da tallar wannan abu, tambaya ta farko ita ce: da me kuke caji?

Oga Bakanike (Ƙofar Ruwa): Ni fa tun ɗazu ina karantawa gabana na faɗuwa. Babu juye, babu fulogi, babu kafireto, to mu da yaranmu me za mu ci? Yara bakwai ne a garejina. Amma ajiye wannan, akwai abin da na sani a sana'a. Adaidaitar yanzu ko wace ta lalace, a cikin kasuwar nan za ka samu kayanta, sabo ko na hannu, kuma duk lungu akwai wanda zai kwance ta ya mayar. Ta lantarkin in ƙwaƙwalwarta ta samu matsala, wa zai taɓa? Sannan zafin Kano na watan Afrilu, da ake haura digiri 40, batirin waya ma kumbura yake yi balle wanda ke jan mutum huɗu da buhun masara.

Injiniya (Sharaɗa): Oga, zafi gaskiya ne, yana rage wa batir kwana. Amma a nan ma musanya ta fi. Batirin da ake caji a hankali cikin durowa mai fanka, ana auna zafinsa, ya fi wanda ake dura wa wuta a soron gida da wayar da aka ɗaure da leda. A haka gobara ke tashi. Akwai kuma nau'in da ake kira LFP, ya fi jure zafi kuma ya fi wuyar kamawa da wuta, shi ya kamata a nace a kawo mana. Maganar aiki kuwa, taya da birki da shokoba da walda suna nan. Abin da zai ragu aikin inji ne. Ka ware biyu cikin yaranka su fara koyon wayarin wurin masu haɗa sola tun yanzu.

Oga Bakanike (Ƙofar Ruwa): Akwai ɗaya da hannunsa ke da kyau a wayarin. Zan duba.

Maman Sadik (Rijiyar Zaki): Ni tambayata ta mata ce. Na taɓa aika yaro ɗuro gas da sabuwar tukunyata, aka musanya masa da wata tsohuwa mai tsatsa a gindi. Tun ranar ba na yarda a musanya min, sai dai a ɗura a tawa ina tsaye. Yanzu Baban Ummi ya sayi mashin da sabon batir, yaro ya kai durowa a miƙo masa wanda ya gaji, wa ya yi asara?

Ɗan Kwari: Hajiya, a tsarin nan batirin ba naka ba ne tun farko. Nio ma tun 2020 suke sayar da mota ba batir, a rage maka yuwan 70,000 na kuɗin Sin a farashi, ka riƙa biyan hayar batir duk wata. Kamar kwalbar lemo ce ta da, ruwan ka saya, kwalbar ta kamfani ce.

Malam (Gwammaja): In haka ne to haya ce, kuma haya halal ce matuƙar an fayyace abin da ake biya da abin da ake samu. Inda zan ja hankali shi ne a san me ake saya. In kuɗi ɗaya ake biya a kan kowane batir, alhali wani zai kai ka Ɗawanau ka dawo, wani kuma ya mutu a Kurna, to akwai jahilci a cinikin, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne zai cutu. In kuwa da yawan wutar da ke ciki ake lissafi, kamar mudu, an fita daga shubuha. A rubuta yarjejeniya, a kuma rubuta wanda zai ɗauki asara in batir ya lalace ba da sakacin direba ba.

Ɗan Sahu (Kabuga): Allah ya gafarta Malam, wannan ita ce maganar. Ko a gidan mai mun san inda lita ba ta cika, amma gobe sai ka sauya wani gidan. Ni abin da ya tsaya min kenan tun da Alhaji ya yi maganar bakin famfo. In mashin ɗina batirin kamfani ɗaya kawai yake karɓa, ranar da suka ƙara kuɗi ina za ni? Ranar da suka tattara suka bar garin fa? Sai a bar Baba da gangar jiki ba rai. Kuma na ji ana iya kashe batirin daga ofis in ba ka biya ba. Mu da wata rana ruwa ke hana mu fita, ko rashin lafiya, wannan igiya ce a wuya.

Injiniya (Sharaɗa): Ba ni da abin da zan kare a nan, ƙanina, ka faɗi gaskiya. Shi ne raunin abin gaba ɗaya, kuma shi ya bar waɗanda suka sayi motar Better Place da jangwam. Ka tuna zamanin da kowace waya da bakin cajarta, mai siririn baki, mai faɗi, har aka dawo kusan kowa na amfani da iri ɗaya? Haka ake buƙata a batir. A 2021 Honda da Yamaha da KTM da Piaggio sun haɗa kai don fitar da ma'auni ɗaya na batirin babur, alamar su ma sun gane. A Kano kuwa hukuma na da wuƙa da nama, tunda ita ke yi wa adaidaita rajista. Tana iya cewa duk mai son kafa durowa a garin nan sai batirinsa ya shiga mashin ɗin kowa. Ƙungiyoyin 'yan sahu su ne ya kamata su tayar da maganar tun kafin mashinan su cika gari, don bayan sun cika ba mai iya gyarawa.

Ɗan Kwari: Akwai kuma wani sabon abu. BYD, wani kamfanin motoci na Sin, ta sanar a Maris ɗin 2025 cewa tana da cajin da zai ba mota tafiyar kilomita 400 cikin minti 5. In haka ta tabbata ko'ina, ai musanyar ma ta zama tsohon yayi.

Injiniya (Sharaɗa): Wancan caji megawat 1 yake ja don mota ɗaya. Tashar solar da aka buɗe a Kumbotso a Janairun 2023 gaba ɗayanta megawat 10 ce. Mota goma a lokaci guda sun shanye ta. Taransifomar unguwa ba za ta ko kusanci wannan ba. A Sin zai yi, mu namu layin wutar caji a hankali yake iya ɗauka.

Alhajin Hotoro: To ni dai in zan tafi Kaduna, kilomita sama da 200 ba durowa ko ɗaya a hanya, tankina zan cika.

Injiniya (Sharaɗa): Ni ma haka, Alhaji, kuma zan daɗe ina yin haka.

Maman Sadik (Rijiyar Zaki): Mu dai fasinjoji in za a rage hayaƙin da muke shaƙa a cunkoson Bata da yamma, muna so. Ɗana na da asma, duk ranar da muka bi ta nan sai mun kwana muna fama.

Baban Ummi (Kurna): Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Jama'a na gode ƙwarai. Ba zan sayar da tsohuwar ba tukuna, Oga zai ɗan tallafe ta ta ƙara wata uku. A tsakanin nan zan sa yaran su riƙa rubuta litar da suka sha kullum da inda suka zagaya, don ni kaina ban taɓa sanin kilomita nawa suke yi a rana ba. In masu musanyar sun zo da tayi, zan tambaye su da me suke caji, durowa nawa gare su a hanyar Kurna zuwa Bata, yadda suke auna wutar, da abin da zai faru da mashin ɗina in sun tashi. In amsar ta gamsar, zan gwada da guda ɗaya, biyun su ci gaba da shan mai. Injiniya, in takardar yarjejeniyar ta zo hannuna zan kawo maka ka duba kafin in sa hannu. Malam ma zan biyo ta Gwammaja.

Ɗan Sahu (Kabuga): Baba, in ka saya ka ba ni in yi kwana biyu da ita. Ina so in ga yadda za ta hau gadar Ƙofar Nassarawa da mutum huɗu.

Oga Bakanike (Ƙofar Ruwa): Ka kawo tsohuwar ranar Asabar da safe, Baban Ummi, kafin gareji ya cika.